Ƙasar Kush da Iyakar Gonar Tauhidi: Darasi daga Khartum da Omdurman

Duk wanda ya tsaya a wurin da ake kira Mogran a birnin Khartum zai ga koguna biyu suna gamuwa. Farin Nilu yana zuwa daga kudu, Shuɗin Nilu kuma yana gangarowa daga duwatsun Habasha. A nan suke zama kogi ɗaya, su nufi Masar. Omdurman tana hayin yamma, Khartum ta Arewa, wadda ake kira Bahri, tana wancan hayi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in Kirista mutumin Sudan ya buɗe Ishaya sura 18, ya tarar ana zancen wata ƙasa wadda koguna suka rarratsa, ya ce a ransa, “Ai ƙasarmu ce ake nufi.”

Shekara da shekaru masu bi da yawa sun karanta surar haka, musamman Kiristocin kudancin Sudan, na gida da waɗanda yaƙi ya kora zuwa gefen Khartum da Omdurman. Wannan karatu ya ƙarfafa su a kwanakin wuya, daga baya kuma ya bar su da tambayoyi masu nauyi. Ya kamata mu auna shi da adalci, gama a cikinsa ne ake ganin wata gardama wadda malaman tauhidi suka yi fiye da shekara 200 suna yi, wato ina iyakar tauhidin Littafi Mai Tsarki, wace hanya kuma ya kamata ya bi.

Asalin gardamar

A makarantun horar da fastoci ana raba tauhidi kashi-kashi. Akwai tauhidin rukunan bangaskiya, wanda yake jera koyarwar ikkilisiya a kan Allah, da mutum, da zunubi, da ceto, bi da bi. Akwai kuma tauhidin Littafi Mai Tsarki, wanda aikinsa shi ne ya saurari abin da Musa, da annabawa, da manzanni suka koyar, kowa da bakinsa, kowa a zamaninsa.

Wanda aka fi tunawa da shi wajen sa wannan iyaka shi ne Johann Philipp Gabler, wani malamin Jamus. Ran 30 ga Maris 1787 ya yi jawabi a Jami'ar Altdorf, ya ce tauhidin Littafi Mai Tsarki aikin tarihi ne, tauhidin rukunai kuwa aikin koyar da ikkilisiya ne bisa ga bukatar kowane zamani. A ganinsa sai an gama na fari kafin a shiga na biyu. Maganar tana da sauƙin faɗi, amma waɗanda suka biyo bayansa ba su taɓa yarda da juna a kan yadda za a aikata ta ba. A 1897 William Wrede ya ce mai binciken Sabon Alkawari kada ya tsaya ga littattafan da ikkilisiya ta karɓa kaɗai, har sunan tauhidi ma a bar shi, a kira aikin tarihin addinin Kiristocin farko. A 1933 Walther Eichrodt ya fara fitar da littafinsa, inda ya ɗauki alkawarin Allah da Isra'ila ya zama ginshiƙin da dukan Tsohon Alkawari yake jingine a kai. Gerhard von Rad, a littafinsa na 1957 zuwa 1960, ya ce babu ginshiƙi guda ɗaya, aikin malami shi ne ya sāke ba da labarin ayyukan Allah yadda Isra'ila ta ba da shi. A 1962 Krister Stendahl ya raba tsakanin abin da nassi ya nufa a dā da abin da yake nufi a yau, ya ce na farin ne gonar wannan fanni. A 1970 kuma Brevard Childs na Amurka ya rubuta cewa fannin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, ya kira malamai su koma su karanta kowane nassi a cikin dukan Littafi, yadda ikkilisiya ta karɓe shi.

In an tattara wannan gardama, tambayoyi uku ne. Waɗanne littattafai ne a cikin gonar? Da wace hanya za a nome ta? A ina kuma aikin ya tsaya, a zamanin annabi ko a zamaninmu? A Jamus tambayoyin nan na ɗakin karatu ne. A Khartum da Omdurman sun shiga rayuwar talakawa.

Iyakar gonar

Ɗauki tambaya ta fari. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, mutum yana iya zaga majami'un waɗannan birane a ranar Lahadi ɗaya ya tarar da Littafi Mai Tsarki iri-iri. Na Angilika da Firesbiteriya yana da littattafai 66. Na Katolika yana da 73. Kibɗawa, waɗanda suke da tsohuwar unguwa a Omdurman mai suna Masalma, su ma suna karanta littattafan da babu a namu. Habashawan da suke zaune a Khartum kuwa, ikkilisiyarsu tana ƙidaya 81, har da littafin Anuhu, wanda Wasiƙar Yahuza ta ɗauko magana daga cikinsa a aya 14. Ɗalibin da aka ce masa ya rubuta koyarwar dukan Littafi a kan wani batu, dole ya fara sanin ko dukan Littafin wa ake nufi. Mu da muka tsaya a kan 66 muna da dalilanmu, amma ya kamata mu iya faɗarsu, kada mu yi kamar babu tambayar.

Akwai kuma iyakar kalma. A Ibraniyanci sunan ƙasar da Ishaya 18 ya ambata Kush ne. Tsohuwar fassarar Helenanci ta juya shi da sunan da muke cewa Habasha, fassarar Turanci ta Sarki Yakubu ta bi sawunta. Fassarar Larabci ta Van Dyck, wadda aka gama a 1865, wadda kuma ita ce a hannun yawancin Kiristocin da suke sujada da Larabci, ta bar shi Kush. Amma wasu bugu na fassarar Turanci mai sauƙi, Good News Bible, wadda ta fito a 1976, sun sa Sudan. A makarantu irin su Kwalejin Tauhidi ta Nilu a Bahri, wadda aka kafa a 1991, da makarantar Shokai ta Angilika a Omdurman, da Kwalejin Gidiyon wadda yaƙi ya taso daga Melut zuwa Omdurman, a dā ɗalibai suna iya zama a benci ɗaya, wannan yana ganin Kush, wancan yana ganin Habasha, na uku yana ganin sunan ƙasarsa ta yau a bakin annabi.

Masu fassarar da suka sa Sudan suna da hujja, gama yawancin ƙasar Kush ta dā tana cikin iyakar Sudan ta yanzu. Amma sunan ƙasa ta zamani yana zuwa da tutarsa da siyasarsa. Mu ma shaida ne. Mishan ɗin da suka kawo wa yawancinmu bishara, S.I.M. da S.U.M., dukansu suna da Sudan a sunansu na dā, tarayyar ikkilisiyoyin da aka kafa a 1955 kuma TEKAS ce, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, kafin ta zama TEKAN. A wancan lokaci Sudan tana nufin ƙasar baƙar fata tun daga Senegal har Bahar Maliya. Da kakanninmu sun ga Sudan a cikin Ishaya, da su ma sun ce da su ake.

Karatun 'yan gudun hijira

Yaƙin basasa na biyu ya fara a 1983, shekarar da Shugaba Nimeiri ya kafa dokokin shari'a a dukan ƙasar, bai ƙare ba sai 2005. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka mutu. Fiye da miliyan 1 suka gudo Khartum. A farkon shekarun 1990 hukuma ta kwashe da yawa daga cikinsu zuwa sansani a bakin hamada, kamar Jabal Auliya da Mayo a kudancin Khartum, da Wad al-Bashir da Dar as-Salam a yammacin Omdurman. A can suka gina majami'u da laka da buhuna, wani lokaci a rushe, su sāke ginawa.

Ga yadda irin waɗannan masu bi suka ji Ishaya 18. Annabin ya yi zancen mutane dogaye masu sulɓin fata, waɗanda ake tsoronsu kusa da nesa. Suka ce, ai Dinka da Nuwer ke nan. Ya yi zancen gawawwakin da za a bar wa tsuntsaye da namomin jeji. Suka ce, mun gani da idonmu. Ya yi zancen tuta da za a kafa a kan duwatsu, da ƙaho da za a busa. Suka ce, tutar 'yancinmu ce. A ƙarshe ya ce mutanen nan za su kai wa Ubangiji kyautai a Dutsen Sihiyona. Suka ce, bayan wuya sai daɗi. Masanin tarihi Christopher Tounsel ya bi diddigin wannan irin karatu a littafinsa Chosen Peoples na 2021, ya nuna yadda Kiristocin kudu suka ɗauki kansu a matsayin zaɓaɓɓiyar jama'a mai jiran fitowa daga bauta.

Kada mai karatu ya yi saurin raina wannan. Mutumin da aka ce masa shi bawa ne, ba shi da tarihi, addininsa kuma na baƙi ne, ya buɗe Littafi ya ga Allah ya san koginsa da kamanninsa tun kafin a gina Khartum. Wannan gaskiya ce, ta kuma riƙe bangaskiyar mutane da yawa. A watan Janairu 2011 kusan kashi 99 cikin 100 na masu zaɓe suka zaɓi rabuwa, ran 9 ga Yuli 2011 aka ɗaga sabuwar tuta a Juba. Mutane da yawa suka ce annabci ya cika.

Abin da annabin ya faɗa wa mutanen zamaninsa

Yanzu sai mu yi aikin da Gabler ya ce a fara da shi. Ishaya ya yi annabci a Urushalima a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. A ƙarshen wannan ƙarni sarakunan Kush, waɗanda babban birninsu Nafata yake kusa da Dutsen Barkal a arewacin Sudan, suka ci Masar suka mallake ta. Masana suna kiransu gidan sarauta na 25. Babbar barazanar zamanin Assuriya ce. Jakadun da sura 18 ta ce suna tafiya a jiragen iwa, bisa ga fahimtar yawancin masu bincike, suna neman ƙananan ƙasashe irin Yahuza su haɗa kai a yi wa Assuriya tawaye. Sura 20 ta ƙara haske. A shekarar da Assuriyawa suka ci Ashdod, wato 711, Ubangiji ya yi bayanin abin da ya sa Ishaya ya yi shekara 3 yana yawo tsirara ba takalmi: alama ce cewa masu dogara ga Masar da Kush za su sha kunya. A labarin harin Sennakerib na 701 kuma an ambaci Tirhaka, sarkin Kush, a 2 Sarakuna 19:9 da Ishaya 37:9.

Saboda haka jigon surar gargaɗi ne ga Yahuza kada ta sa zuciya ga ƙawancen yaƙi. Ubangiji yana kallo a natse daga mazauninsa, zai kuwa yi aikinsa a lokacin da ya ga dama, kamar manomin da yake aske rassan inabi kafin girbi. Masana ba su ma yarda da juna ba a kan ko wa za a aske, Kush ko Assuriya. Tutar da ƙahon kuwa alama ce ta cewa Allah zai yi aiki a idon dukan duniya. Surar da aka yi don a hana mutane dogara ga makami da siyasa, ita ce aka ɗauka aka hatimce nasarar siyasa da ita.

Inda kowane gefe ya gaza

Laifin karatun 'yan gudun hijira shi ne ya yi tsalle daga bakin annabi zuwa labarin ranar, bai bi ta tarihi ba, bai kuma bi ta sauran Littafi ba. Sakamakon ya fito fili. Ran 15 ga Disamba 2013 yaƙi ya tashi a Juba tsakanin magoya bayan Salva Kiir da na Riek Machar, dogayen nan masu sulɓin fata suka juya wa juna makami. Masu bincike sun ƙiyasta mutuwar kusan mutum 400,000 kafin yarjejeniyar 2018. Reshen Kwalejin Tauhidi ta Nilu da aka kai Malakal bayan rabuwa, shi ma sai da ya gudu zuwa Juba. In tutar 2011 ita ce cikar annabci, me fasto zai faɗa wa gwauruwar da 'yan'uwanta masu bi suka kashe mijinta? Tauhidin da ya ɗora dukan mugunta a kan maƙiyi na waje ba shi da abin cewa ran da mugunta ta fito daga cikin gida.

Har wa yau karatun ya bar wasu a waje. Kiristocin Duwatsun Nuba, da Kibɗawan Masalma, da sauran masu bi da suka ragu a arewa bayan 2011, ina rabonsu a cikin annabcin? Ga shi kuma Nafata da Merowe, biranen Kush na ainihi, duk a arewa suke, inda mazauna yau Musulmi ne. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya faɗa wa Khartum da Omdurman kansu, miliyoyi suka gudu, Musulmi da Kirista, aka lalata masallatai da majami'u, aka washe gidan tarihi na ƙasa inda aka ajiye babban mutum-mutumin Tirhaka. Wahalar ba ta tambayi kabila ba.

Amma malaman da suka tsaya a iyakar Stendahl su ma da nasu laifi. A ce malami ya je Dar as-Salam ya gaya wa matan da suke layin ruwa cewa Ishaya 18 zancen jakadu ne na shekara 2,700 da suka wuce, ya rufe littafinsa ya tafi. Bai yi ƙarya ba, amma ya bar su da yunwa. Rabon nan tsakanin ma'anar dā da ma'anar yau yana da amfani a matsayin horo, yana hana mu sa wa annabi maganarmu a baki. In aka mai da shi katanga, sai wa'azi ya koma hannun masu zato, malamai kuma su zauna da iliminsu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Manzanni ba su karanta annabawa haka ba. Bulus ya ce a Romawa 15:4 abin da aka rubuta a dā don koyarwarmu ne aka rubuta shi, domin mu sami sa zuciya.

Kush a cikin dukan Littafi

Hanyar da ta fi ita ce a bi sunan Kush daga farkon Littafi zuwa ƙarshe, a bar kowane wuri ya yi maganarsa. A Farawa 10 Kush yana cikin jerin al'umman da suka fito daga Nuhu. A Littafin Ƙidaya 12 Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan matar Musa Bakushiya, Allah kuwa ya hukunta Maryamu. A Amos 9:7 Ubangiji ya daidaita Isra'ila da mutanen Kush a gabansa, don ya karya girman kan zaɓaɓɓu. A Irmiya 38 Ebed-melek, mutumin Kush, shi ne ya fitar da annabin daga rijiya sa'ad da sarakunan Yahuza suka jefa shi, a sura 39 kuma Allah ya yi masa alkawarin tsira saboda ya dogara gare shi. Zafaniya ya sa Kush cikin waɗanda za a hukunta a 2:12, sa'an nan a 3:10 ya ce daga hayin kogunanta masu sujada za su kawo hadaya. Zabura 68:31 da 87:4 suna ganin Kush tana zuwa wurin Allah tare da sauran al'ummai.

A Ayyukan Manzanni 8 kuwa sai ga ma'ajin Kandakatu, sarauniyar da masana suka ce ta Merowe ce, wajen kilomita 200 arewa da Khartum. Yana dawowa daga sujada a Urushalima, yana karatun littafin Ishaya, ya kasa ganewa, har ya tambayi Filibus ko annabin yana zancen kansa ne ko na wani. Tambayar hanya ke nan, daga bakin mutumin Kush. Filibus ya fara daga wannan nassi ya yi masa bisharar Yesu. A nan kyautar da Ishaya 18:7 ya hango ta fara isowa. Ta ci gaba da isowa sa'ad da mulkin Alwa, mai babban birni a Soba kusa da Khartum, ya karɓi bangaskiya wajen shekara ta 580, ta kuma iso a cikin majami'un laka na Wad al-Bashir. Mai bi a Sudan yana da iko ya ce yana cikin wannan labari. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ce labarin na kabilarsa ne ita kaɗai, ko kuwa wata tuta ce ƙarshensa.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, wannan ba labarin nesa ba ne. Bayan rikicin Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001, jarabar nan ta zo mana, mu mai da kanmu Isra'ila, maƙwabtanmu kuma Amalekawa. Wanda ya binne ɗansa ba za a zarge shi don ya nemi kansa a cikin Zabura ba. Amma wanda yake kan bagade yana da nawaya ta dabam. Byang Kato, a littafinsa na 1975, ya gargaɗi ikkilisiyar Afirka kada ta bar al'ada ko siyasa su hau kan Maganar Allah. Gargaɗin ya shafi fushinmu ma.

Saboda haka makarantunmu a Bukuru, da Kagoro, da Jos, da Maradi su koya wa ɗalibi ya yi tambaya uku a kan kowane nassi, ya kuma bi su da tsari. Na fari, me annabi ko manzo ya faɗa wa waɗanda suka fara jinsa? Na biyu, ina wannan magana ta zauna a cikin dukan Littafi, yaya kuma ta kai ga Almasihu? Na uku, me take bukata daga gare mu yau, har da tuban da ba mu so? Gonar tauhidin Littafi Mai Tsarki ita ce ta fari da ta biyu, amma mai noman ta ya sani don ta ukun yake noma. Wannan tsari bai kashe gardamar Eichrodt da von Rad ba, ba zai kuma sa mu da Kibɗawa mu ƙidaya littattafai daidai ba. Abin da zai yi shi ne ya sa mai wa'azi ya iya nuna wa jama'a inda maganar annabi ta tsaya da inda tasa ta fara, domin ran da zatonsa ya faɗi, kada bangaskiyarsu ta faɗi tare da shi.

Mu tuna da 'yan'uwanmu na Khartum da Omdurman a cikin addu'a, da dukan waɗanda yaƙi ya warwatsa. Ubangiji ya ba mu masu koyarwa irin Filibus, ya ba mu kuma tawali'un ma'ajin nan da ya yarda a bishe shi. Amin.